Haɗin sola a rumfar caji: me zan saya, me zan bari?

Sani Mai Caji, Gadarif: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar manya da masu sana'ar wuta. Tun da muka baro Madani a ƙarshen 2023 nake zaune a Gadarif da iyali, na kafa 'yar rumfa a bakin hanya ina cajin waya. Wuta yau akwai gobe babu, man janareta kuma yana cinye ribar. Na tara ɗan abin da ya samu, ina so in koma sola. Wani mai kaya a kasuwa ya haɗa mini babban faifai ɗaya mai wat 550, da ƙaramar kwantirola mai daidaita cajin batir, da batirin mota, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta gari, da naɗin waya mai kaurin mili 2.5 da ya ce zai bar mini a rabin kuɗi. Ban biya ba tukuna, na ce sai na ji ta bakinku. Rumfar ta zana ce da kara, ɗakin da ke bayanta kuma na ciyawa ne irin na nan garin, a ciki yarana suke kwana.

Usta Garba, Kasala: Wa alaikumus salam. Madalla da ba ka biya ba. Fara faɗa mana abin da za ka ɗora wa wutar, da awa nawa kowanne zai yi yana aiki.

Sani Mai Caji: Usta, wayoyi kamar 30 a wuni. Kwan fitila 4 masu wat 7, daga magariba zuwa sha ɗayan dare. Fankar sola ɗaya, an ce wat 20 take ci, tana yin awa 10. Sannan ina da burin ƙaramin firji in riƙa sayar da ruwan sanyi da zoɓo.

Malama Halima, Fot Sudan: Malam Sani, ɗauko takarda mu yi tare. Wat ɗin abu ake ninkawa da awannin da yake aiki. Fitilu huɗu wat 28 ke nan, sau awa 5, ya ba ka 140. Fanka 20 sau 10, 200. Kowace waya ka ƙiyasta mata 15, har da abin da ke salwanta a caja, talatin sun ci 450. Jimla 790, ka ce 800 a wuni. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 150, wato 12 sau 150, yana ɗauke da 1800, amma in na ruwa ne rabi kawai ake ci a bar masa rabi, wato 900. Ka ga ya ishe ka, musamman da yake yawancin cajin da rana za ka yi shi, kai tsaye daga faifai. Faifan da suka kai wat 300 za su mayar maka da abin da ka ci ko da awa 5 kawai ka lissafa na rana mai ƙarfi.

Firjin kuwa ka dakata da shi. A zafin Afrilu da Mayu da ma'auni ke haura 40, ga buɗewa da rufewa na mai ciniki, shi kaɗai zai ci fiye da duk sauran a haɗe.

Usta Garba: Malama ta gama lissafi, bari ni in kwance kayan da aka haɗa maka.

Batirin mota an yi shi ne ya tada inji cikin daƙiƙa biyu ko uku sannan mota ta mayar masa da cajinsa nan take. Farantan da ke cikinsa sirara ne. In kana zuƙe shi kowane dare, da wuya ya kai ka shekara. Na sola farantansa masu kauri ne, shi za ka nema.

Faifai mai wat 550 kuma da waccan ƙaramar kwantirola ba sa zama inuwa ɗaya. Juya faifan ka karanta takardar da ke manne a bayansa, za ka ga yana aiki a kan bolt 41 ko 42, yana ba da amfiya kamar 13. Ƙaramar kwantirola, wadda ake kira PWM, ba ta juya komai, janyo faifan kawai take yi ya sauko daidai da batir. Amfiya 13 sau bolt 14, wat 180 da 'yan kai. Ka biya kuɗin 550 ka tafi gida da 180. Hanya biyu gare ka. Ko ka sayi babban faifan da kwantirola MPPT mai amfiya 40, wadda ke mayar da rarar bolt ta zama amfiya, ko ka sayi ƙananan faifai biyu masu wat 150, irin masu bolt 18, ka haɗa jan da ja baƙi da baƙi, ka sa PWM mai amfiya 30. Ga mai ƙaramin jari ni na biyun nake zaɓa.

Amma duk waɗannan asarar kuɗi ce kawai. Abin da ya tsaya mini a rai waccan wayar ta rabin kuɗi, da kuma fis da ban ji ka ambata ba ko sau ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Sani Mai Caji: Fis kam bai ma kawo zancensa ba. Ya ce wutar batir ba ta jan mutum, ba ta da haɗari. Wayar kuma na gani da idona, ja ce, jan ƙarfe.

Maman Zahra'u, Gadarif: Ɗana Sani, kada ka yarda da wannan maganar. Haka aka ce mana. Bara muka sa sola a gida, faifai ɗaya da batir a ƙarƙashin gado. Wanda ya haɗa mana ya ja waya ta cikin ciyawar rufi, ya murɗa bakinta a kan batir ya naɗe da leda. Ran nan da azahar ina wanke-wanke na ji ƙaurin roba. Ina shiga na tarar wayar ta yi ja kamar garwashi tun daga kan batir har rufi, robar tana ɗiga a kan katifa. Jikata tana barci a kan gadon. Na sunkuce ta na fita ina salati, maƙwabta suka zo da ƙasa da ruwa. Rabin rufin ya tafi, da kayan sawarmu da takardun makarantar yara. Ashe ɓera ne ya ci robar wayoyin biyu suka haɗu. Har yau in na ji ƙaurin leda gabana faɗuwa yake yi.

Abdulƙadir, Gadarif: Innalillahi. Allah ya tsare gaba, Inna.

Usta Garba: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Sani, ka ji amsar mai kayanka. Gaskiya ne bolt 12 ba ya jan mutum, amma batir in jansa da baƙinsa suka haɗu yana iya turo ɗaruruwan amfiya a take. Ba wanda ya isa ya kashe shi, domin ba shi da makunni. Da akwai fis a kan jan kan batirin Hajiya, shi zai tsinke cikin ƙiftawar ido, a sayi wani da kuɗin shayi. Fis siririn ƙarfe ne da aka yi shi da gangan ya fi kowa rauni a layi, don ya riga waya narkewa. Waya yake karewa, saboda haka da kaurin waya ake auna shi. Wurinsa kuma kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya daga jan kai. Duk wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai gadi.

Kawu Ilu Mai Rediyo, Mai Wurno: Salamu alaikum. Na daɗe ina karanta ku. Sani, kai ɗan Madani ne, ka san gonakin Jazira, bari in yi maka magana da abin da ka sani. Mu nan madatsar Sinnar tana kusa da mu, wadda aka gama a 1925, daga ita ruwa ke tafiya har gonakin da iyayenmu suka tsinci auduga. Tudun da ruwa ya yi a bayan madatsa, ƙarfin da ke tura shi, shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa ta gabanka shi ne amfiya, ambir inji 'yan kasuwa. Waya ita ce magudana. Babbar tur'a daban, abu ishirin da ke shiga gona daban, kowace an haƙa ta daidai ruwan da za ta ɗauka. In ka tura ruwan tur'a cikin abu ishirin, ɓallewa zai yi. A waya ɓallewar ita ce zafi.

To abin da ke ruɗa mutane shi ne suna ganin wutar sola ƙarama ce, siririyar waya ta ishe ta. Akasin haka ne. Wat shi ne bolt sau amfiya. Abu mai cin wat 600 a wutar gari mai bolt 230 bai kai amfiya 3 ba. Shi ɗin dai a kan batir mai bolt 12, amfiya 50 zai ja. In turi ya yi kaɗan dole ruwa ya yawaita kafin aikin ya yiwu, in ruwa ya yawaita dole magudana ta faɗaɗa.

Malama Halima: Kawu ya faɗe ta yadda nake so ɗalibaina su riƙe ta. Bari in ɗora lamba a kai. A ce tsakanin faifanka da kwantirola mita 6 ne. Wuta zuwa take yi ta dawo, mita 12 ke nan. Faifai biyu masu wat 150 za su ba da amfiya kusan 17 da tsakar rana. A wayar jan ƙarfe mai mili 2.5 za ka rasa bolt 1.4, wat 24 suna zama zafi a hanya. In ka sa mili 6, asarar ta sauko bolt 0.6, wat 10. In kuwa mili 2.5 ɗin alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, asarar ta kai bolt 2.3, wat kusan 40, domin alminiyom kashi 61 cikin 100 kawai yake wucewa da wuta in an gwada shi da jan ƙarfe. Wannan in har kaurin da aka rubuta a jikin robar gaskiya ne, sau da yawa robar ce mai kauri, cikin kuwa 'yan silillai.

Sani Mai Caji: To ta yaya zan gane ta gaskiya, tunda duk ja suke?

Usta Garba: Tafi kasuwa da wuƙa da laita da ɗan maganaɗisu. Ka ce a yanko maka ɗan guntu kafin ciniki. Fere robar, ka kankare silin da wuƙa. Jan ƙarfe na gaske ja ne har zuciyarsa, na jabu fari zai bayyana. Sa masa laita. Silin alminiyom lanƙwashewa yake yi ya marmashe, domin a digiri 660 yake narkewa, jan ƙarfe kuwa sai ya haura 1000, ja kawai zai yi ya tsaya. Kara maganaɗisu, in ya kama to baƙin ƙarfe ne aka yi wa riga, wannan ya fi alminiyom ma muni. Ɗaga naɗin kuma ka ji nauyi, jan ƙarfe ya ninka alminiyom nauyi fiye da sau uku. Mai kayan da ya hana ka gwadawa ya riga ya ba ka amsa.

Da Larabcin kasuwa ka ce silik nahas kake so, kwantirola kuma munazzim.

Ga abin da zan sa da rumfata ce. Mili 6 daga faifai zuwa kwantirola, irin wayar sola mai riga biyu, don wayar gida rana na busar da robarta ta tsattsage. Mili 6 daga kwantirola zuwa batir, gajeriya iyakar iyawa, da fis mai amfiya 30. Fitilu da fanka mili 1.5 ko 2.5, kowane layi da ɗan fis ɗinsa irin na mota mai amfiya 5 ko 10. Duk wayar da za ta bi ta kara ko ciyawa a zura ta cikin bututun roba. Bakin waya a kan batir a matse shi da kan tagulla mai huda a ɗaure da noti. Murɗe da salatif shi ne mafarin yawancin gobarar da na gani, don inda haɗi ya yi sako-sako nan zafi ke taruwa.

Abdulƙadir: Usta, da izininku, ni a batir nake da ja. Me zai sa a ce ya sayi na ruwa a wannan zamani? Na litiyom irin LiFePO4 ana cin kashi 80 ko fiye na cajinsa, yana yin zagaye dubbai, ba zuba ruwa, ba nauyi. Mai 100 ɗinsa ya fi mai 150 na ruwa amfani. Zafin nan namu kuma kashe na ruwa yake yi, duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu.

Usta Garba: Ban musa maka ba, ɗana. Wanda ke da kuɗin na ƙwarai ya saya. Damuwata kasuwa ta cika da akwatuna masu kyan fenti, in ka buɗe sai ka tarar da tsofaffin ƙwayoyi da aka kwaso daga wani wuri, wasu ma ba allon BMS na kirki da zai tsayar da caji in ya cika. Na ruwa ko jabu ne nauyinsa zai tona shi, mai 150 na gaske mutum ɗaya da ƙyar yake ɗaga shi. Na litiyom Sani ba shi da hanyar gane cikinsa. Kuma dole kwantirolar ta zama mai saitin litiyom.

Abdulƙadir: Wannan haka ne. To in zai sayi na litiyom ya sayi mai takardar garanti a shagon da ke da mazauni, ba a kan tebur ba. In na ruwa ne kuma ya ɗora shi a kan katako a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da murhun mai shayi, saboda iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta. Ruwan batir tatacce kaɗai zai ƙara masa, ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid.

Kawu Ilu Mai Rediyo: Ni tambayata ita ce inbatar nan ta mene ce? Waya bolt 5 take sha. Za ka ɗauki bolt 12 ka hau da shi 230, sannan caja ta sake saukowa da shi 5, kowane hawa da sauka ana zubar da wani abu a hanya, ga inbatar kanta tana ci ko ba a jona mata komai ba. Akwai ƙananan alluna masu ramukan USB da ke karɓar 12 su ba da 5 kai tsaye, ko cajar mota mai kyau. Fitilunka da fankarka ma na bolt 12 ne. Kuɗin inbata ka zuba shi a waya da fis. Sai dai ka guji haɗin da ake yi da 7805, wancan ɗan baƙin mai ƙafa uku. Shi rarar bolt 7 ɗin zafi yake mayar da ita, fiye da rabin wutar a banza. Nemi mai ɗan naɗin waya a jikinsa, irin LM2596 da 'yan'uwansa, kuma ka auna bakinsa da mitar auna wuta ka ga 5 kafin ka jona wayar mutane.

Malama Halima: Na goyi bayan Kawu. In daga baya firji ya zo, lokacin ne za a yi zancen inbata, kuma mai tsabtatacciyar wuta irin ta gari, domin mai arahar tana sa injin firji gurnani da zafi. A lokacin zan ce a koma bolt 24, amfiya ta ragu da rabi. Inbata mai wat 600 a kan bolt 12 tana son waya mili 16 da fis mai amfiya 70, kada wani ya ja ta da wayar soket.

Yakubu, Jidda: Yaya Sani, akwai mai tahowa ta jirgin ruwa zuwa Sawakin ƙarshen wata. Faɗi abin da zan saka maka a jaka. Ina da birekoki guda uku da suka rage mini daga wani aiki, da fankar sama.

Usta Garba: Yakubu, Allah ya saka da zumunci. Duba jikin birekokin. In na wutar gida ne kawai, kada a sa su tsakanin faifai da kwantirola. Wutar gari tana kaiwa tana komowa, a nan Sudan sau 50 a daƙiƙa, tana ratsa sifiri sau 100, shi ya sa tartsatsin da ke tashi in bireka ya buɗe yake mutuwa da kansa. Wutar faifai da batir hanya ɗaya take bi ba ta tsayawa, tartsatsin na iya ci gaba da ci a cikin birekan har ya narke. Sai wanda aka rubuta wa DC da yawan bolt ɗin da yake ɗauka. Fankar kuma duba takardarta, wutar Saudiyya 60 ce tamu 50. In 60 kaɗai aka rubuta, a nan za ta rage gudu ta riƙa ɗumi. Abin da ya fi kyau ka aiko masa mita mai kyau, da kawunan MC4 na jona wayar faifai, da filayar matse kan waya. Ba nauyi, kuma su ne ke wuyar samu masu inganci.

Yakubu: An gama, Usta. Zan ƙara da akwatin fis mai layi shida irin na mota.

Nura, Damazin: Kawu Ilu, ku gafarce ni in shigo da tawa. Ina koyon gyara. Na jona ɗan kwan LED fari a batir mai bolt 12, ya yi haske sau ɗaya ya mutu. Uku na ƙona.

Kawu Ilu Mai Rediyo: Ba laifi, jikana, tambaya ce mai kyau. Farin LED bolt 3 yake so, da amfiya 0.02. Ba ya iya tsayar da wuta da kansa, sai an sa masa rezista a gaba, mugawama in za ka saya. Cire 3 daga 12, saura 9. Raba 9 da 0.02, ya ba ka 450. Wanda ake samu kusa da shi om 470 ne, mai zobe rawaya, shunayya, ruwan ƙasa. Launukan lambobi ne: baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9. Zobe biyun farko lamba, na uku yawan sifirin da za ka ƙara. Doguwar ƙafar LED ita ce ta ja.

Tunda kana koyo, kada ka yar da mataccen rediyo ko caja, taskarka ke nan. Abin da ya fi mutuwa a kayan ƙasar nan kwandensa ce, waccan mai kamar 'yar gwangwani. In ka ga kanta ya kumbura ta gama. Ka canza da mai lambar maikurofarad iri ɗaya, bolt ɗinta daidai ko sama da na tsohuwar, ka zaɓi wadda aka rubuta wa digiri 105 maimakon 85. Tana da gefen ja da na baƙi, in ka juya ta fashewa take yi. Babbar da ke cikin caja ko talabijin kuma tana riƙe wuta bayan an zare fulogi, sai ka sauke ta ta cikin rezista kafin ka kai hannu. Fankar sama da ke gurnani sai an tura ta da sanda, galibi kwandensarta ce mai 2.5, ba a kai ta wurin naɗi ba tukuna. Dayod kuma ƙofa ce mai buɗewa gefe ɗaya, ka ajiye 1N4007 da yawa, amfiya 1 take ɗauka, bolt 1000. Dalmar liƙi ka sayi mai kashi 60 kuza 40 darma, tana narkewa wajen digiri 190, ka wanke hannu kafin ka ci abinci. Shekara talatin da wani abu ina wannan aiki, kayan da na fi amfani da su ba su cika gwangwanin madara biyu ba.

Nura: Na rubuta duka, Kawu. Allah ya ƙara lafiya.

Sani Mai Caji: Jama'a ina kasuwa yanzu. Wayar rabin kuɗin na kankare ta a gabansa, fara fat a ciki, laita kuma ta marmashe ta. Na bar shagon. Amma ga wata matsala. Na zo wani shago, an ba ni wayar sola mili 6 mai riga biyu, mai tsada, na fere ta na ga silinta fari ne tun daga waje. Ita ma jabu ce ke nan?

Usta Garba: Tsaya, kada ka tafi. Kankare silin, ko ka dubi bakin inda aka yanke. Me ka gani?

Sani Mai Caji: Ja ne a ciki, Usta. Kuma tana da nauyi.

Usta Garba: Ita ce ta gaskiya, saya. Jan ƙarfe ne aka shafa wa kuza don kada ya yi tsatsa a waje. Ta jabu ja a waje fari a ciki, ta ƙwarai fari a waje ja a ciki.

In ka koma gida ga yadda za ka bi. Cire fis ɗin tukuna, ka gama ɗaure komai. Batir ake fara jona wa kwantirola, a mayar da fis ɗin, ta waye ta gane bolt ɗinsa, sannan faifai, sannan fitilu. Wajen kwancewa faifai ake fara cirewa. Rufe faifan da bargo lokacin da kake haɗa shi. Auna ja da baƙi da mita kafin ka cusa kowace waya, kada ka dogara da launin roba. Kada kuma ka kara mita a kan batir tana kan ma'aunin amfiya, ƙonewa za ta yi. Sifana in za ka ɗaure notin batir, naɗe jikinta da salatif, ka cire zobe da agogo.

Malama Halima: Faifan su fuskanci kudu, ka ɗaga bayansu kamar digiri 15, Gadarif tana kan digiri 14 ne arewa da tsakiyar duniya. Ka bar sarari a ƙarƙashinsu iska ta wuce, kada su kwanta a kan ciyawa. Inuwar reshe ɗaya a gefen faifai tana iya rage wutarsa sosai. Ƙura kuma a share da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Abdulƙadir: Ku ƙara masa zancen damina. Iskar da ke zuwa gaban hadari a nan tana ɗaga kwano, balle faifai. A kafa ƙarfe a ɗaure da noti. Ƙarfen kuma a ja masa waya zuwa sandar jan ƙarfe a ƙasa saboda tsawa. Baƙar lakar Gadarif tana dararrewa da rani ta saki sandar, don haka a buga ta da zurfi a inda ake zubar da ruwa. Yaya Sani, ina da filaya da mita, zan zo bayan sallar Juma'a mu haɗa tare.

Sani Mai Caji: Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya ni da Abdulƙadir mun haɗa. Faifai biyu masu 150, PWM mai 30, batirin sola na ruwa mai 150, ba inbata. Da azahar kwantirola na nuna 14.2, na kama wayar da hannu ko ɗumi babu. Yau da asuba kafin rana ta fito batir yana kan 12.4. Ga hoton kan batirin da fis.

Usta Garba: 12.4 da asuba lafiya lau, kada dai ka bari ya sauka ƙasa da 12.1. Na ga hoton. Fis ɗin ya yi nisa, ya kai kamu biyu, kuma wayar da ke bayansa tana gogar ƙarfen teburin. Rage ta yau, ka sake turo hoto. Bayan sati ɗaya ka bi duk notocin ka ƙara matsewa.

Maman Zahra'u: Abdulƙadir, ɗana, in ka samu sarari ka biyo ta gidanmu da mitar nan. An sake haɗa mana bayan gobarar, amma yanzu na leƙa ban ga wani fis a kan batirin ba.

Abdulƙadir: Inna, ku fara cire wayar faifai, sannan ku zare jan kan batirin yanzu, ku naɗe bakin wayar da tsumma busasshe, ku kwana da tocila yau. Gobe da hantsi ina tafe da fis da bututu.